Muhawara: Rungumar bayan cin ƙwallo da gajerun finafinan da ke yi mata gatse

Mai_Kyamara:
Salamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani nau'in gajerun finafinai da nake so mu tattauna a kai. Na san zai ta da ƙura, shi ya sa nake roƙo tun yanzu a tsaya a kan fim, kar a koma zagin juna. Finafinai ne na 'yan mintuna, yawanci masu son jinsinsu ne ke shirya su, ana nuna su a bukukuwa irin su Frameline na San Francisco da aka fara a 1977, da BFI Flare na Landan, da gasar Iris ta Cardiff da ke ba gajerun finafinai kyauta tun 2007. Jigonsu ɗaya ne: ƙungiyar maza 'yan wasa, ko ƙwallon ƙafa ko zari-ruga ko kwando, da irin shaƙuwar da ke tsakaninsu.

Salon shi ne wanda ake kira kamp, wato a zuzuta abu da gangan har ya wuce gona da iri, kowa ya san wasa ne, amma a yi shi fuska a murtuke. An ci ƙwallo, sai a sassauta gudun hoton, kiɗan disko ya tashi, gumi yana sheƙi, mutum goma suna faɗawa kan mutum ɗaya suna fari da ido. Alƙalin wasa ya zaro kati, ba ja ba, ba rawaya ba, ruwan hoda. Koci yana kuka, kwalli na zubo masa. A ɗakin sauya kaya tururi ya cika ko'ina, kyaftin ya durƙusa yana ɗaure wa gola igiyar takalmi, ana sa kiɗan da ake sa wa masoya a daren rabuwa.

Ga abin da ya tsaya mini. In ka cire kiɗan da ƙyalƙyalin, daraktan bai ƙara komai ba. Rungumar, ɗaukar juna sama, mari a ɗuwawu, sumba a goshi, duk muna ganinsu a talabijin kowane ƙarshen mako, babu mai cewa uffan. To da wa ake yi wa dariyar? Da 'yan wasan, ko da mu masu kallo da muka yi yarjejeniyar ba mu gani ba?

Gola_Na_Ɗaya:
Wa alaikumus salam. Ni dai ban ga abin burgewa ba. Na tsare raga shekaru, na san abin da ake ji in an farke ƙwallo a minti na ƙarshe. Ba ka ma san wa ka rungume ba. Murna ce zalla. Wani ya zo ya ɗora mata kiɗan soyayya ya ce ga abin da kuke ɓoyewa, wannan ƙazafi ne, ba fasaha ba. Mutum ba zai so abokinsa don Allah ba sai an nemo wata manufa a ƙasa?

Ɗan_Baya:
Gola, kai da ba a runguma sai an je bugun fenareti, ina ka samu wannan ƙwarewar? Hhhh. Amma tsakani da Allah akwai hotunan da ba sai an sa musu kiɗa ba. Maradona da Caniggia a Boca Juniors, 1996, baki da baki a gaban dubban mutane a wasansu da River Plate. Gary Neville ya kama fuskar Paul Scholes da hannu biyu ya sumbace shi a leɓe a watan Afrilun 2010, bayan Scholes ya ci Manchester City da ka ana dab da tashi. Laurent Blanc kuwa sai da ya mai da sumbatar sanƙon golansu na Faransa, Barthez, farilla kafin kowane wasa a Kofin Duniya na 1998. Wane darakta ne ya rubuta musu wannan?

Gola_Na_Ɗaya:
To ai maganata ka ƙarfafa. Duk mutanen nan da ka lissafa babu wanda ya ce neman juna suke. Ka ga kenan sumba ba hujja ba ce.

Mai_Kyamara:
Malam Gola, nan ne nake ganin mun saɓa. Fim ɗin ba cewa yake Neville na son Scholes ba. Tambaya yake yi: me ya sa wannan sumbar ta halatta a cikin fili, amma in maza biyu suka yi irinta a tashar jirgin ƙasa da ke wajen filin, magoya bayan da suka gama tafi su ne za su jefe su da kwalba? Abu ɗaya ne, leɓe ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne an ci ƙwallo. Filin wasa ya ba maza lasisin taushin zuciya, amma da sharaɗi: kar wanda ya ambaci sunan abin, kuma kar a samu ko mutum ɗaya a cikin tarin da yake nufin rungumar da gaske. Zuzutawar da fim ɗin ke yi, tona wannan sharaɗin take yi.

Abu_Sumayya:
Ni ban ga dalilin kawo wannan zaure ba. Addinina ya haramta wannan ɗabi'ar, kuma ba zan zauna ina yaba finafinan da ke tallata ta ba.

Admin_Larai:
Malam Abu Sumayya, an ji matsayinka kuma babu mai tilasta maka ka canza shi. Zauren nan na nazarin fim ne. Mun tattauna finafinan yaƙi ba mu zama sojoji ba. Wanda zai iya magana a kan yadda aka yi fim da abin da yake faɗa, bismillah. Wanda ba zai iya ba, akwai wasu zaren. Zagi kuma, daga kowane ɓangare ya fito, zan goge.

Malam_Tanimu:
Bari tsoho ya sa baki. Yaran nan kuna magana kamar jiya aka fara abin. Wannan salon tsoro ne ya haife shi, ba raha ba, kuma in ba ku san haka ba ba za ku gane dalilin da ya sa wasanni suka zama mafakarsa ba.

A Amurka, daga 1934 aka fara aiki da dokar tace finafinai ta Hays da gaske, ba a ajiye ta ba sai 1968. A tsawon mafi yawan wannan lokacin ba ka isa ka nuna namiji yana sha'awar namiji ba. Gidan waya ma yana kama duk abin da ya ga batsa ne. To ina za ka nuna jikin namiji babu riga ba a kama ka ba? Wasanni. Wani mai ɗaukar hoto a Los Angeles, Bob Mizer, ya kafa kamfaninsa a 1945 ya sa masa suna Athletic Model Guild, kamar wata ƙungiyar motsa jiki. A 1951 ya fara mujallar Physique Pictorial, daga baya ya riƙa yin gajerun finafinai na samari suna kokawa, sanye da hular sojan ruwa ko ta mayaƙan Rum, a gaban ginshiƙan kwali. Kowa ya san su waye masu saye, amma a takarda, lafiyar jiki ake koyarwa. Duk da wannan dabarar sai da aka ɗaure shi na wasu watanni a 1947. Ginshiƙan kwalin nan da hulunan aro, su ne kakannin katin ruwan hodan da Mai Kyamara ya gani.

Har manyan kamfanonin Hollywood abin ya kutsa. A fim ɗin Gentlemen Prefer Blondes na 1953 akwai wata fitowa da Jane Russell ke waƙa tana neman mai sonta a tsakiyar tawagar 'yan wasan Olamfik, su kuwa sanye da gajeren wando kalar fata, suna ta motsa jiki da juna, ko kallonta ba sa yi. Masu tacewa sun bar shi ya wuce domin ai motsa jiki ne. Wanda ya gane ya gane.

Marubuciyar nan 'yar Amurka Susan Sontag ta rubuta maƙalarta a kan kamp a 1964, ta raba shi biyu: wanda aka yi da gangan, da wanda mai yinsa bai san yana yi ba, kuma ta fi ganin daɗin na biyun. In muka bi ta, to tallan reza da ake ɗauko ɗan ƙwallo yana shafa haɓa a hankali cikin tururi ya fi waɗannan gajerun finafinan zama kamp, domin shi da gaske yake.

Ɗan_Baya:
Baba Tanimu ya zo da kundi. Allah ya ƙara lafiya. Maganar talla ta tuna mini da ƙungiyar zari-ruga ta Stade Français a Faransa. Shugabansu Max Guazzini ya fara fitar da kalandar 'yan wasansa kusan tsirara a 2001, a 2005 kuma ya sa musu riga ruwan hoda. Ƙattai masu karya ƙashi fa. Aka yi ta surutu, rigar kuma ta yi kasuwa. Wannan kam ƙungiyar da kanta ta riga masu fim.

Zinariya:
Ina bin ku tun ɗazu. Ina so in koma kan maganar Gola, don ina ganin an yi saurin ture ta. Akwai gaskiya a cikinta, ko da ba ta fuskar da ya kawo ta ba.

Wani masanin tarihi a Amurka, John Ibson, ya tattara tsofaffin hotunan maza ya fitar da littafi a 2002. A hotunan ƙungiyoyin wasa na ƙarshen ƙarni na 19 za ka ga samari sun jingina da juna, wani ya ɗora kai a cinyar wani, hannu a wuya, babu wanda ya damu. Da aka shiga tsakiyar ƙarni na 20 sai hotunan suka sandare: layi-layi, kowa ya harɗe hannu a ƙirji, akwai tazara tsakaninsa da na kusa. Me ya faru a tsakani? Jama'a sun koyi cewa akwai wani rukunin mutane mai suna, kuma taɓa abokinka zai iya sa a jefa ka ciki. Tsoron zargi ya kashe taushin.

To tambayata ga Mai Kyamara: yaro ɗan shekara sha huɗu ya ci karo da irin wannan fim a waya, an yanko minti ɗaya babu farko babu ƙarshe, abokansa na dariya. Darasin da zai ɗauka shi ne "a daina tsangwamar mutane", ko kuwa "kar in sake in rungumi abokina, za a ce ni ma haka nake"? Ina tsoron na biyun ne. Kenan fim ɗin da ya zo kare taushin zuciya zai iya zama shi ne ya ƙara korar sa.

Gola_Na_Ɗaya:
Allah ya yi miki albarka, 'yar'uwa. Abin da na kasa faɗa kenan. A bar kaza cikin gashinta.

Mai_Kyamara:
Yaya Zinariya, hujjarki ta fi tasa nauyi, amma ki duba abin da hotunan Ibson ke nunawa. Ba finafinan barkwanci ne suka raba samarin nan ba. Lokacin da suka fara ja da baya babu irin waɗannan finafinan a fili, dokar tacewa ta hana. Abin da ya raba su kora daga aiki ne, da kamun 'yan sanda, da likitocin da ke cewa cuta ce. Shirun da Gola ke so a koma, a cikinsa aka yi rabuwar.

Kuma akwai binciken da ya nuna akasin tsoronki. Eric Anderson da abokan aikinsa sun yi hira da ɗalibai maza 145 a Birtaniya, dukkansu masu neman mata, kashi 89 cikin ɗari suka ce sun taɓa sumbatar abokinsu namiji a leɓe, ba tare da sun ɗauke shi wani abu ba. Bayaninsa shi ne, in tsoron a kira ka da sunan ya ragu, sai maza su koma taɓa juna hankali kwance.

Zinariya:
Na san binciken. Mutum 145 ne, ɗalibai, a ƙasa ɗaya, mafi yawansu fararen fata. An soki Anderson a kan yadda yake faɗaɗa sakamakonsa. Ba zan ɗora duniya a kansa ba. Kuma ka lura, ko a wurinsa sai tsoron ya ragu tukuna. A inda tsoron ke nan daram, fim ɗinka ba a zauren biki ake kallonsa ba, inda kowa ya san wasan. A hannun masu neman abin tsokana yake faɗawa.

Edita_Sani:
Ku ba ni dama in shigo ta ƙofar sana'a, don ni abin da ya fi jan hankalina yadda ake haɗa su ne. Ba banza suke gajeru ba. Na farko kuɗi: fili ɗaya, ɗakin sauya kaya ɗaya, riguna goma sha ɗaya, abokai su cika benci, an gama. Na biyu, gatse ba ya jure tsawo. Raha ɗaya ce ake ja, in ta wuce minti goma sai ta tsinke. Shi ya sa waɗanda suka mai da abin dogon fim dole suka sa masa labarin gasa. Dubi The Iron Ladies na Thailand a 2000, a kan ƙungiyar ƙwallon raga da ta ci kofin ƙasa a 1996. Akwai kwarkwasa da jan-baki, amma abin da ya riƙe fim ɗin shi ne za su ci ko ba za su ci ba.

Sannan kayan aikin duk na gidan talabijin ne aka ara. Sassauta gudun hoto, su suka saba mana da shi. Kusanto da kyamara kan cinyar da ta ji rauni, kan fuskar mai kuka, kan rigar da aka cire, duk aikin masu watsa wasa ne. Abin da mai gajeren fim ke yi kawai shi ne ya ƙi yankewa. Talabijin na nuna rungumar daƙiƙa biyu ta koma kan koci. Shi sai ya bar ta daƙiƙa ashirin. A daƙiƙa ta biyar ka fara murmushi, a ta goma ka fara jin nauyi, a ta sha biyar ka fara tambayar kanka me ya sa kake jin nauyin. Wanda ya iya, ko kiɗa ba ya bukata. Ya cire ihun 'yan kallo kawai, ya bar numfashi da ƙarar riga na gogar riga.

Raggon darakta shi ne mai cika ƙyalƙyali da karairaya don bai yarda da hotonsa ba. Irin waɗannan, Yaya Zinariya, na yarda da ke, ba su da bambanci da ba'ar da ake yi a bayan aji.

Ɗan_Baya:
Wato akwai na ƙwarai akwai na bogi. To ya za a yi ɗan kallo irina ya bambance?

Edita_Sani:
Duba wanda aka bari da kunya a ƙarshe. In wanda ke son abokinsa ne aka mayar abin dariya, tsohuwar tsokana ce aka yi wa sabon fenti. In kuwa mai gadin mazantaka ne, kocin da ke ihu "ku yi kamar maza" alhali yana shafa musu mai a kafaɗa, to fim ɗin ya san inda ya nufa.

Malam_Tanimu:
Ma'aunin Sani ya yi, amma ko masu kyakkyawar niyya suna zamewa. A 2013 ƙungiyar Stonewall ta Birtaniya, mai kare haƙƙin masu son jinsinsu, ta fara kamfen ɗin igiyar takalmi mai launin bakan gizo tare da kamfanin caca na Paddy Power. Taken da suka zaɓa, wai suna bayan 'yan ƙwallo masu son maza, mai harshen damo ne, yana nufin goyon baya, yana kuma nufin abin da kuka sani. Wasu masu yaƙi da tsangwama a ƙwallo suka ce wannan ai irin barkwancin da ake yi a kan benci ne, wanda ya sa 'yan wasa ke ɓuya. Niyya ɗaya, amma rahar ta raba su.

Kuma kar dariya ta sa mu manta da abin da ke ƙarƙashi. Justin Fashanu shi ne baƙar fata na farko da aka saya fam miliyan ɗaya a Ingila, daga Norwich zuwa Nottingham Forest a 1981. Da kocinsa Brian Clough ya ji irin wuraren da yake zuwa da dare, sai da ta kai ya hana shi atisaye da tawagar. A 1990 ya fito ya faɗa da bakinsa a jarida cewa maza yake so. 'Yan kallo suka sa shi a waƙa, ɗan'uwansa na jini ya nesanta kansa da shi a bainar jama'a. A 1998 aka zarge shi da cin zarafin wani matashi a Maryland ta Amurka, ya musanta, ya koma Landan ya kashe kansa yana da shekara 37. Bayan fitowarsa sai da aka yi shekara 32 kafin wani ƙwararren ɗan ƙwallo namiji mai bugawa a Birtaniya ya sake faɗa, Jake Daniels na Blackpool, a 2022, yana ɗan shekara 17. A cikin shekarun nan talatin da biyu, sumba nawa aka yi a filayen Ingila ana tafi?

Gola_Na_Ɗaya:
Baba, labarin Fashanu abin tausayi ne, ban ce a tsangwami kowa ba. Duk abin da mutum yake, in yana tare mini ƙwallo a baya, abokin wasana ne. Amma ka ga wannan labarin ai ba da ƙyalƙyali za a ba da shi ba. In da gaske suke su yi fim mai nauyi. Rawar disko a ɗakin wanka me za ta yi wa wanda ake yi wa barazanar kisa? Josh Cavallo, ɗan ƙwallon Ostireliya da ya bayyana kansa a 2021, ya ce har yanzu ana aiko masa da irin wannan barazanar.

Mai_Kyamara:
An yi masu nauyin, Malam Gola, da yawa ma. Kusan duk labari ɗaya ne: yaro mai hazaka, sirri, tsoro, wakili na cewa ka yi shiru, kuka a mota. Suna da amfaninsu. Amma ka lura da abin da suke koya wa mai kallo: in kana haka, rayuwarka makoki ce. Kuma suna barin ƙwallon kanta da tsarkinta, matsalar tana jikin yaron. Mai gatse shi juya kyamarar yake yi. Ya ce yaron lafiyarsa ƙalau, ku zo mu kalli wannan taron na maza dubu hamsin da ke kuka saboda wani saurayi mai gyararren gashi, suna sanye da riga mai sunansa a bayansu, sannan suna rera waƙar zagin masu son maza. Wa ya fi ban dariya?

Zinariya:
Wannan na karɓa. Amma duk zancen nan na maza ne, kun lura? A ƙwallon mata gatsen ba ya aiki haka, don babu sirrin da za a tona. A Kofin Duniya na 2019 Magdalena Eriksson ta Sweden ta je gefen 'yan kallo ta sumbaci Pernille Harder ta Denmark, budurwarta, wadda ta zo sanye da rigar Sweden. Hoton ya zaga duniya, aka wuce wurin. A gasar mata ta 2023 'yan wasa gommai ne suka bayyana kansu. A ta maza a Qatar a 2022 babu ko ɗaya, kuma ƙasashen Turai bakwai suka ajiye kambun kyaftin na OneLove, mai nuna adawa da wariya, da aka ce za a ba su katin gargaɗi. Jamusawa suka rufe baki da hannu a hoton kafin wasansu da Japan.

Matsalar mata ta juye ne. Su tun farko ana zarginsu, don haka abin da aka tilasta musu shi ne su nuna su mata ne. Gasar ƙwallon sanda (baseball) ta mata da aka kafa a Amurka a 1943 ta sa su wasa da ɗan siket, ta tura su ajin koyon kwalliya da tafiya, jan-baki dole. Ka zame a ƙasa da siket ka ɗaye cinya, amma kar kwalliya ta goge. In ana neman kamp wanda masu yinsa ba su san suna yi ba, Baba Tanimu, ga shi nan, hukuma ce ta rubuta shi. Gajeren fim ɗin mata da zai yi gatse, wannan zai zuzuta, ba runguma ba.

Malam_Tanimu:
Haka ne 'yata. Kuma shi ya sa ban yarda da Sontag ba inda ta ce salon ba ruwansa da siyasa. Ta rubuta haka shekara biyar kafin tarzomar Stonewall ta 1969, inda masu son jinsinsu suka yi wa 'yan sanda bore a New York. Waɗanda suka zo bayanta sun nuna gatse makami ne na wanda ba a ba shi damar magana kai tsaye ba. Tom Waddell, wanda ya wakilci Amurka a Olamfik na 1968, da ya shirya gasar masu son jinsinsu a San Francisco a 1982, kwamitin Olamfik na Amurka ya kai shi kotu ya hana shi amfani da kalmar Olamfik. Mutanen da aka hana ko aron suna, ba abin mamaki ba ne in sun koma yi wa bikin gaba ɗaya kwaikwayo.

Ɗan_Baya:
Ni fa yanzu kun ɓata mini kallon ƙwallo. Jiya ana cin ƙwallo na tsinci kaina ina ƙirga daƙiƙun runguma. Sani, Allah ya isa.

Edita_Sani:
Nawa ka samu?

Ɗan_Baya:
Bakwai, sai suka yanke zuwa mai tsaron ragar da aka ci yana shan ruwa.

Gola_Na_Ɗaya:
Kullum mu ake yankowa a lokacin baƙin ciki. Ni dai har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya. Ku ce fim ɗin na kare 'yan wasa irin su Daniels, na ji. Amma wanda ya shirya shi ba zai bi shi gida-gida yana bayani ba. Zinariya ta yi tambaya a kan yaro ɗan sha huɗu, Mai Kyamara ya kawo ɗaliban jami'a. Ba a amsa mata ba.

Mai_Kyamara:
Ba ni da amsar da za ta gamsar da kai, domin babu fim ɗin da ke iya zaɓar mai kallonsa. Wanda aka yanko minti ɗaya daga cikinsa ya riga ya zama wani abu dabam, kuma haka ake yi wa wa'azi da jawabin siyasa. Abin da zan iya cewa, a cikin ƙungiyar yaron nan mai shekara sha huɗu, wataƙila akwai wani yaron da ke cikin tarin rungumar yana addu'ar kar a gane shi. Shi ma mai kallo ne. Lissafinka bai sa shi ba.

Zinariya:
Nawa lissafin ya sa shi, shi ya sa nake tsoro. In abokansa suka daina rungumar juna, shi ne na farko da za a fara kallo. Sani, kai da ka san sana'ar, akwai wanda ka gani ya yi fim ɗin daga idon wannan yaron, ba daga idon mai dariya a gefe ba, kuma bai koma makoki ba?

Edita_Sani:
Akwai ɗaya da na gani a wani biki, ba shi da ko magana. Kyamarar tana cikin tarin, a ƙasa, ba ka ganin komai sai gwiwoyi da haƙarƙari da ciyawa. Kiɗan soyayyar yana tashi ne kawai in kafaɗar mutum ɗaya ta taɓa shi, in wani ne sai ka ji ihun fili kamar kullum. Mutane sun yi dariya sosai, don kiɗan na katsewa yana dawowa kamar rediyo mai matsala. Zan duba ko masu shi sun sake shi a intanet. In sun sake, zan turo wa Hajiya Larai ta fara gani kafin a sa a zaure.

Admin_Larai:
Turo. In babu tsiraici zan sa shi da gargaɗi a sama, wanda ba ya so ya wuce. Ɗan Baya, na goge hoton Vinnie Jones da Gascoigne da ka liƙa, mun san shi tun 1988, ba sai mun sake gani ba.